Gahawa a Kantin Littattafai: Waiwaye a Kan Wata Tsohuwar Dangantaka

Sau da yawa akan ɗauka cewa ajiye teburan shan gahawa a cikin kantin littattafai dabara ce da Amurkawa suka ƙago. A haƙiƙa gahawa da karatu sun daɗe tare. Wajen shekarar 1555 aka buɗe gidajen gahawa na farko a Santambul, kuma masana da mawaƙa na cikin waɗanda suka fara mayar da su majalisa. A ƙarni na 19 Turkawa suka riƙa kiran irin waɗanda ake ajiye jaridu da littattafai a cikinsu da sunan kiraathane, wato gidan ƙira'a. Tushen kalmar Larabci ne, kuma daga gare shi Hausa ta sami "karatu". A Landan ma, a ƙarni na 18, gidan gahawa na Chapter shi ne matattarar masu buga littattafai da dillalansu. Sai dai a duk waɗannan wurare gahawa ce hajar, littafi baƙo ne.

A Amurka aka juya lamarin. A 1993 kamfanin Barnes & Noble ya ƙulla yarjejeniyar sayar da gahawar Starbucks a manyan kantunansa. Hujjar 'yan kasuwa a fili take. Farashin littafi mabugi ke yanka shi, yana nan rubuce a bango, don haka ribar mai kanti ƙayyadaddiya ce. Kofin gahawa kuwa, abin da aka kashe wajen haɗa shi kaɗan ne bisa ga kuɗin da ake biya. Bugu da ƙari, wanda ya sami wurin zama yakan daɗe, wanda ya daɗe kuma da wuya ya fita hannu rabbana. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, kowane tebur ya ci gurbin kanta guda, ga albashin ma'aikata, ga kuma mai shanye kofi ɗaya ya karance rabin littafi ya mayar da shi da tabo.

Tarihin kamfanin Borders ne ya fi fito da iyakar dabarar. Kantunansa na da wuraren shan gahawa, amma a 2001 ya miƙa wa Amazon cinikinsa na intanet, ya kuma zuba jari mai yawa a faya-fayan waƙe a daidai lokacin da kasuwarsu ke mutuwa. A 2011 ya karye, aka rufe kantuna kusan 400 da suka rage. A wannan shekarar ce James Daunt ya karɓi ragamar Waterstones a Ingila, shi ma yana bakin karyewa. Bai kori gahawa ba, amma abin da ya fi mayar da hankali a kai shi ne sakar wa kowane reshe mara ya zaɓi littattafan da mutanen garinsa ke so. Kamfanin ya farfaɗo, kuma a 2019 aka damƙa wa Daunt Barnes & Noble.