Kasuwa Ba Ƙofa: Tarihin Yaƙin Wikipedia da 'Yan Talla da Maɓarnata

 

Yau zan fara ne da tona wa kaina asiri. Shekarar da na gama sakandare, ina zaman shagon mahaifina a nan Ibadan, sai wata dabara ta faɗo mini. Na ji ana cewa kowa na iya gyara Wikipedia, wato kundin ilimin nan na intanet da Google ke yawan jefo maka a sahun gaba in ka tambaye ta wani abu. Sai na buɗe shafin da ke bayani a kan goro, na gangara can ƙasa, na liƙa adireshin shagonmu na Facebook, har da lambar waya. Na tashi na sallami wani mai saye, kafin in dawo kan wayata an share. An kuma bar mini ɗan saƙo cikin ladabi, cewa nan ba wurin talla ba ne. A ranar na ji haushi. Daga baya da na huce sai na fara tambayar kaina: wai su wa ke gadin wannan wuri, kuma ta yaya suka gan ni da wuri haka? Abin da na tarar shi ne na kawo muku yau.

Yadda aka buɗe kasuwar

Kafin Wikipedia akwai wani kundi mai suna Nupedia, wanda Jimmy Wales ya kafa a Amurka a shekarar 2000, Larry Sanger kuma yake editansa. A can masana ne kawai ke rubutu, kuma sai maƙala ta bi matakai bakwai na tantancewa kafin a fito da ita. Saboda wannan tsauri, har aka rufe shi a 2003 bai kammala maƙala 30 ba. Ganin tafiyar hawainiyar ta yi yawa, sai a ranar 15 ga Janairu, 2001 suka buɗe Wikipedia a gefe, a bisa wata fasaha da Ward Cunningham ya ƙirƙiro a 1995, wadda ke ba kowa damar gyara shafi nan take. Cikin shekara guda aka tara maƙala wajen 20,000.

To amma mai karatu ya san halin ɗan Adam. In ka buɗe kasuwa ba ƙofa, mai saye zai shigo, ɗan sane ma zai shigo. Abin da ya hana wurin rushewa tun farko abu ne guda: ba a jefar da komai. Duk gyaran da aka yi wa shafi ana ajiye shi da ranarsa da lokacinsa da sunan wanda ya yi, kamar dai littafin bashin da 'yan kasuwa ke riƙewa. Akwai kuma wani shafi da ke jero sababbin gyare-gyare yayin da suke shigowa, masu sa kai na zaune suna dubawa. Don haka gyara ya fi ɓarna sauƙi: maɓarnaci zai ɓata lokaci yana rubuta shirme, mai gadi kuwa latsawa ɗaya zai yi shafin ya koma yadda yake. Wani bincike da ma'aikatan kamfanin IBM da abokan aikinsu suka fitar a 2004 ya nuna cewa in wani ya goge shafi ɗungurungum, rabin irin wannan ɓarna ana gyara ta ne cikin minti uku.

'Yan talla

Me zai sa mutum ya dage sai ya liƙa adireshinsa a Wikipedia? Ni dai masu saye nake nema, amma manyan 'yan tallan Google suke fako. Tun kafuwarta a 1998, Google na ɗaukar duk wata rariyar liƙau, wato adireshin da ake latsawa ya kai ka wani shafi, a matsayin shaida. In babban gida ya nuna ka, darajarka ta ƙaru, sai a ɗaga ka sama a sakamakon bincike. Kamar dai baƙon da babban maigida ya tsaya masa ne, kowa zai ba shi kaya. Shi ya sa masu gidajen caca da masu tallan magungunan bogi suka yi ta cusa adireshinsu, wasu ma da manhajar kwamfuta mai zuba ɗaruruwa a dare ɗaya.

Masu gadi sun fara da share su ɗaya bayan ɗaya. Da abin ya fi ƙarfin hannu sai aka buɗe jerin haramtattun adireshi: da zarar an sa gidan yanarka a ciki, duk wanda ya yi ƙoƙarin liƙa shi, shafin ba zai karɓa ba. Amma babban maganin daga waje ya zo. A watan Janairun 2005 Google da Yahoo da Microsoft suka amince da wata alama mai suna nofollow, ma'ana kada a bi, wadda in aka maƙala wa rariya, injin bincike ba zai ƙirga ta a matsayin shaida ba. A Janairun 2007 Wikipedia ta Turanci ta maƙala wannan alama a kan duk rariyar da ke fita waje. Talla bai mutu ba, amma ribarsa ta ragu ƙwarai. Ashe lokacin da nake ta murnar dabarata, an fi shekara goma da toshe hanyar.

Ƙaryar da ta kwana 132

Ɓarnar da ta fi girgiza su ba ta talla ba ce. A watan Mayun 2005 wani mutum da bai yi rajista ba ya rubuta tarihin John Seigenthaler, tsohon ɗan jarida wanda ya taɓa zama mataimakin Robert Kennedy, ya ce wai an taɓa zarginsa da hannu a kisan shugaba John Kennedy da ƙaninsa Robert. Ƙarya ce tsagwaronta. Da yake shafin ba mai yawan baƙi ba ne, kuma an rubuta shi da salon masu hankali, sai ya kwana 132 kafin a goge shi gaba ɗaya. A ƙarshen Nuwamba dattijon, yana da shekara 78, ya rubuta kokensa a jaridar USA Today, duniya ta ɗauka. Da aka gano wanda ya yi, cewa ya yi wasa yake da wani abokin aikinsa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Disambar 2005 aka hana wanda bai yi rajista ba ƙirƙirar sabon shafi a sashen Turanci. Aka fito da ƙaramin kulle, wanda ke hana sababbin shiga taɓa shafin da ake yawan kai wa hari. Aka kuma kafa doka mai tsanani kan tarihin mutanen da ke raye: duk maganar da za ta zubar da mutuncin mutum, in babu ingantacciyar madogara, a cire ta nan take ba sai an yi shawara ba. Ba a jima ba kullen ya yi rana. A Yulin 2006 wani ɗan barkwanci na talabijin ɗin Amurka, Stephen Colbert, ya zuga masu kallonsa su je su rubuta cewa yawan giwayen Afirka ya ninka sau uku cikin wata shida. Suka yi ca a kan shafin giwa, dole aka kulle shi.

Masu ɓarna da kwat

Ba 'yan wasa kaɗai ke ɓarna ba. A da, in ka yi gyara ba tare da rajista ba, lambar IP ta layin da ka hau intanet da shi ce ke fitowa a madadin sunanka. A Agustan 2007 wani ɗalibi mai suna Virgil Griffith ya ƙera manhajar WikiScanner, wadda ke haɗa waɗannan lambobi da masu su. Sai ga shi an ga gyare-gyare na fitowa daga kwamfutocin manyan kamfanoni da ofisoshin gwamnati, ana goge abin kunya ana ƙara yabo.

Daga nan abin ya zama sana'a. A 2013 aka toshe asusun bogi sama da 250 da aka danganta da wani kamfani mai suna Wiki-PR, mai rubuta wa mutane shafi don kuɗi. Wannan ya sa a 2014 aka sa doka cewa duk wanda aka biya ya yi gyara, dole ya faɗi wanda ya biya shi. A ƙarshen Agustan 2015 kuma aka toshe asusu 381 a badaƙalar da ake kira Orangemoody. Su waɗannan ƙananan 'yan kasuwa suke nema, su ce za su buɗe musu shafi, bayan an biya kuma su dawo su ce sai an riƙa ba su kuɗin gadi wata-wata, in ba haka ba a goge. Ɗan'uwa, in wani ya taɓa tuntuɓarka da irin wannan magana, ka riƙe kuɗinka. Wikipedia ba ta sayar da shafi.

Na'ura ta shiga gadi, baƙo ya sha wuya

Da gyare-gyare suka fi ƙarfin idon mutane sai aka sa manhajoji masu aiki da kansu. A 2009 aka kawo matacin da ke tare mugun gyara tun kafin ya shiga. A 2010 aka ƙaddamar da ClueBot NG, wadda aka koya mata bambanta ɓarna da gyara ta hanyar nuna mata dubban misalai, kuma cikin 'yan daƙiƙu take mayar da shafi. Abin da ya burge ni shi ne, masu ita sun saita ta ne yadda gara ta bar ɓarna da yawa ta wuce mutane su kama, da ta riƙa kama marar laifi.

Duk da haka an yi asara. Yawan masu gyara na kullum a sashen Turanci ya kai ƙololuwa a 2007, sama da mutum 50,000, daga nan ya fara raguwa. Wani bincike da Aaron Halfaker da abokansa suka buga a 2013 ya nuna cewa kayan gadin nan na daga cikin dalilai: sabon shiga mai kyakkyawar niyya zai yi gyaransa na farko, a share, a aiko masa da gargaɗin da na'ura ta tsara, shi ke nan ba zai sake dawowa ba. Garin neman gira an taɓa ido. Haka nan a ƙasashe irin Najeriya da Gana, inda kamfanin waya ke raba wa mutane da yawa lambar IP guda, in aka toshe lamba saboda mutum ɗaya sai ta rutsa da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, kuma masu gyara na yankin sun sha kokawa a kan haka. Mu da muke zaune a garin wasu ba sai an yi mana bayanin wannan ɗacin ba: wani ya yi laifi, a kame duk mai kama da shi.

Inda masu gadi suka yi kaɗan

Duk wannan labarin babban gida ne, mai dubban idanu. Ƙananan sassa fa? A 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke ya rubuta sama da maƙala 20,000 a Wikipedia ta harshen Scots, wanda ake yi a Sikotland, alhali bai iya harshen ba, Turanci kawai yake lanƙwasawa. Ba mugunta ya nufa ba, gani yake taimako yake yi, kuma ya shekara da shekaru babu mai harshen da ya tsaya ya duba. A 2022 kuma aka gano wata mata da ta ƙirƙiri maƙaloli sama da 200 na tarihin Rasha na ƙarya a sashen Sinanci. Yanzu ga manhajojin da ke rubutu da fassara da kansu sun shigo, har ta kai a Agustan 2025 sashen Turanci ya ba masu gudanarwa izinin gaggauta goge shafin da ya bayyana ƙarara na'ura ce ta rubuta shi ba tare da mutum ya duba ba.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu, domin akwai Wikipedia ta Hausa, kuma masu kula da ita ba su kai ko kusa da na Turanci yawa ba. Ƙannenmu da aka haifa a nan, waɗanda Yarbanci da Turanci suka fi zama a bakinsu, in suka nemi tarihin Kano ko Katsina da Hausa a waya, can za a kai su. In gurguwar fassara suka tarar, ita za su ɗauka Hausa. In tallan wani suka tarar a tsakiyar tarihin garinsu, za su ɗauka haka ake yi.

Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, kowane kulle da aka sa, sai da aka ji ciwo aka sa shi, kuma kowane kulle ya kori wani mutumin kirki tare da ɓarawon. Abin da bai taɓa korar kowa ba shi ne mutum mai sanin abu ya zauna ya karanta, ya gyara, in ya ga sabon shiga ya yi kuskure ya yi masa magana da mutunci. Wanda ya share tallana bai zage ni ba, shi ya sa yau nake da asusu, nakan kuma leƙa in gyara wasali ko sunan gari in kasuwa ta yi sanyi.

Don haka shawarata ga 'yan'uwa guda uku ce. Kada ka liƙa adireshin shagonka a can, ba zai daɗe ba kuma ba zai ɗaga ka a Google ba. In ka karanta abin da ya ba ka mamaki, ka duba madogarar da ke ƙasa, ka kuma latsa tarihin shafin ka ga wa ya sa shi da yaushe. In kuma ka ga kuskure a kan garinku ko sana'arku, kada ka tsaya tsaki, ka gyara, ka kawo hujja. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Sai mun sake haɗuwa. Wassalam.