Zara

zara (suna, mace)

1. Tauraruwa mafi haske da ake gani a yamma bayan faɗuwar rana, sau da yawa kusa da jinjirin wata, shi ya sa ake mata kirari da "zara matar wata". Idan ta ɓullo gabas da asuba, sunanta gamzaki. Misali: Zara ta fito, magariba ta yi.

2. A ilimin falaki: duniya ta biyu daga rana, wadda Larabawa ke kira Zuhura. Haskenta aro ne daga rana. Tsakaninsu kimanin kilomita miliyan 108 ne, tana kewaye ranar cikin kwana 225. A 1610 masanin falaki Galileo ya hango ta tana cika tana raguwa kamar wata, hujjar cewa rana take kewayawa. Ita ce mafi zafi cikin duniyoyi takwas da ke kewaye rana.