Daga Udoji Zuwa Naira 70,000: Wa Ke Cin Moriyar Ƙarin Albashi?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu a Samaru, Zariya, wanda yaron shago ne a kasuwar Sabon Gari. Yana cewa: don Allah ina so ku ba ni tarihin mafi ƙarancin albashi a Nijeriya. Shin gaskiya ne idan an ƙara shi ana rage ma'aikata? Kuma me ya sa ni ban taɓa gani a ƙasa ba?

To malam, bari mu faro daga Udoji. A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa kwamiti ƙarƙashin Cif Jerome Udoji, ya miƙa rahotonsa a 1974, aka yi wa ma'aikata ƙari mai tsoka haɗe da ariyas. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda masinja da lebura suka sayi keke da rediyo, wasu har da babur. Amma kafin a ce kwabo kasuwa ta ji ƙamshin kuɗi, a 1975 tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin 100.

Dokar mafi ƙarancin albashi ta farko ta zo ne a 1981, zamanin Alhaji Shehu Shagari, bayan yajin aikin da ƙungiyar ƙwadago ta yi ƙarƙashin Hassan Sunmonu. Naira 125 aka yanke a wata. Aka mai da shi 250 a 1991, sai 5,500 a 2000, sai 18,000 a 2011, sai 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024. Kada yawan sifirin ya ruɗe ka. Naira 125 ta 1981 ta kai kimanin dalar Amurka 200, ita kuwa 70,000 ranar da aka sa wa dokar hannu ba ta kai dala 50 ba.

Batun rage ma'aikata kuwa, masana kansu sun daɗe suna jayayya. A 1992 jihar New Jersey ta Amurka ta ƙara albashin awa ɗaya daga dala 4.25 zuwa 5.05. David Card da Alan Krueger suka bi gidajen sayar da abinci na can da na maƙwabciyarta Pennsylvania, ba su ga aiki ya ragu ba. To amma can mai gida yana da ribar da zai gutsura. A nan jihar Kaduna, gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta fara biyan 30,000 tun 2019, sannan a 2021 ta sallami dubban ma'aikata, tana cewa albashi yana cinye mafi yawan kason da take samu daga tarayya. Wannan ne ya jawo yajin aikin watan Mayu na shekarar. Ka ga ke nan abin ya danganta da aljihun mai biya.

Yanzu sai dalilin da ya sa ba ka gani a ƙasa ba. Dokar 1981 ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 50 ba, ta 2019 ta rage zuwa 25. Shago nawa ne a Sabon Gari yake da yara 25? Ma'aikacin Jami'ar Ahmadu Bello doka ta san da shi. Kai da ɗan dako da ɗan acaba da yarinyar da ke wanke-wanke a gidan tuwo, ba ta san da ku ba. Ga shi kuma mudun masara ɗaya kuke aunawa, kuma da zarar an sanar da ƙari a rediyo, mai gidan haya a Hayin Dogo shi ma ya ji.

Ba za a ce ba ku samun komai ba, domin idan aljihun ma'aikaci ya yi nauyi ciniki yana motsawa a Samaru. Sai dai tsada kan riga cinikin isowa. Shawarata, ka zauna da mai gidanka cikin ladabi, ka lissafa masa kuɗin mota daga Samaru zuwa kasuwa da na abinci, ku yi sabon tsada a gaban shaida. Da fatan ka gamsu.