Ƙwari biyu masu cin masara a rumbu: yadda za ka bambanta su

Manomi, in ka ga gari yana zuba daga buhun masararka, duba ƙwaron da kyau, don iri biyu ne.

Na farko kowa a Jushi ya san shi: mai dogon baki, da ɗigo huɗu a bayansa. Ƙwayar yake hudawa ya yi ƙwai a ciki.

Na biyu baƙo ne, kuma ya fi ɓarna nesa ba kusa ba. Asalinsa dazukan Meziko da Amurka ta Tsakiya, inda yake cin busasshen itace. Ya bayyana a Togo a 1984, daga baya ya shigo Najeriya. Ba shi da dogon baki, kansa a sunkuye, gindinsa kamar an datse da wuƙa. Masara, busasshen rogo, har katakon rumbu, duk ba ya bari, kuma ya fi son masarar da ke kan totuwa.

Don haka sussuke ta, ka shanya sosai, ka zuba a durom mai murfi, domin buhun leda yana iya huda shi. In ka gan shi a masarar da ka sayo, kai wa malamin gona ko Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru.