Tafkin Nyos Bayan 1986: Nazari a Kan Zuƙe Iskar Kabon da Matsalar Bangon Tafki

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi tarihin Tafkin Nyos da ke Yankin Arewa maso Yamma na Kamaru, da aikin gyaran da aka soma a cikinsa a 2001. Abin da take son tabbatarwa shi ne, iskar da ke kwance a ƙasan tafkin da bangon da ke riƙe da ruwansa a ɗaure suke da juna, don haka ba a iya maganin ɗaya a bar ɗaya.

Yadda Iskar Ke Taruwa

Nyos rami ne da aman wutar dutse ya haƙa, daga baya ruwa ya cika shi, zurfinsa ya haura mita 200. Narkakken dutsen da ke can ƙarƙashi yana fitar da iskar kabon dayokzaid, ruwan ƙasa ya kwaso ta ya shigar da ita ta gindin tafkin. A ƙasashe masu tsananin sanyi, sauyin yanayi kan juya ruwan tafki duk shekara, iskar ta fice kaɗan-kaɗan. A Nyos kuwa ruwan ƙasa ya fi na sama nauyi, ba su gauraya, nauyin na saman ne ke danne iskar kamar murfin kwalbar lemo.

A daren 21 ga Agusta, 1986, iskar ta ƙwace. Da yake ta fi iskar da ake shaƙa nauyi, sai ta bi kwari tana gangarawa, ta shaƙe mutum 1,746 a ƙauyuka irin su Nyos da Cha da Subum, tare da dabbobi kimanin 3,500, cikinsu har da garkunan Fulani makiyaya. Shekara biyu kafin nan wani tafki mai suna Monoun ya yi irin wannan, ya kashe mutum 37, amma ba a ɗauki darasi ba. Masana sun yi saɓani a kan musabbabin bala'in Nyos. Haroun Tazieff ya tsaya a kan cewa aman wuta ne aka yi, yayin da mafi yawa suka ce iskar da ta daɗe tana taruwa ce ta fashe. Awon da aka ci gaba da yi ya nuna iskar na sake taruwa, kuma wannan ne ya ba ra'ayi na biyu rinjaye.

Bututu da Bango

Dabarar da ayarin Michel Halbwachs na Faransa ya girka a 2001 mai sauƙi ce. Ana zura bututu har ruwan ƙasa, a ɗan ja shi da famfo. Da ruwan ya fara hawa sai matsi ya ragu, iskar ta zama kumfa, kumfar ta riƙa tura ruwan sama da kanta ba inji. An ƙara bututu biyu a 2011, domin guda ɗaya ya yi kaɗan. Sai dai a lura, bututun rage tarin iska yake yi, bai toshe mafarinta ba. Duk ranar da aka yi sakaci da kula da shi, taruwar za ta dawo.

Nan ne batun bango ya shigo. Gefen arewa na tafkin tokar dutse ce da ta daskare, tsayinta kusan mita 40, kuma zaizaya ta ci wani ɓangarenta. In ta ɓalle, ruwan zai bi Kogin Katsina-Ala ya faɗa jihohin Taraba da Binuwai. Tsoron haka na cikin dalilan da suka sa Nijeriya ta gina madatsar Kashimbila. Amma ruwa kawai madatsar za ta tare. Zubewar mita 40 na ruwan sama za ta sassauta matsin da ke danne iskar, wanda ka iya tayar da ita a kan mazauna kwarin. Haka nan shawarar a rage ruwan tafkin da gangan don a sauƙaƙa wa bango nauyi ba ta da aminci sai an fara zuƙe iskar zuwa matakin da raguwar matsi ba za ta tayar da ita ba.