BABI NA UKU: Tarihin Sauke Folda Ɗungurungum a Manhajojin Musayar Fayil

3.0 Gabatarwa

Wannan babi ya bi diddigin yadda manhajojin musayar fayil tsakanin takwarori suka taso daga aika fayil guda zuwa aika folda ɗungurungum ba tare da tsarinta ya wargaje ba. Abin da ake nufi da musaya tsakanin takwarori shi ne yadda kwamfutocin jama'a ke karɓar fayil kai tsaye daga junansu, maimakon kowa ya ɗebo daga uwar garke ɗaya. Ita kuwa folda, jaka ce da ake tara fayiloli a cikinta, wani lokaci har da ƙananan jakunkuna a cikin babbar. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, jerin fayiloli da mazauninsu a folda shi ma bayani ne mai zaman kansa. Idan ya ɓace, ko da kowane fayil ya iso lafiya, aikin bai cika ba. Misali, manhajar da aka raba fayilolinta da mazauninsu ba za ta tashi ba.

3.1 Zamanin Fayil Guda

A watan Yuni na shekarar 1999 ne Shawn Fanning, ɗalibi a wata jami'a ta birnin Boston a Amurka, ya fito da Napster. Manhajar ba ta musayar komai sai waƙoƙi samfurin MP3, kuma ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke son kundin waƙoƙi goma sha biyu, sai ya nemi kowace daban, sau da yawa daga hannun mutane daban-daban, sannan ya zauna ya jera su da kansa. Kotu ta sa aka dakatar da Napster a watan Yuli na 2001.

Gnutella da eDonkey2000, waɗanda suka fito a shekarar 2000, sun karɓi kowane irin fayil, amma su ma fayil guda suka sani. Saboda haka sai jama'a suka koma ga tsohuwar dabara, wato ƙunshe folda gaba ɗaya ta zama fayil guda ta hanyar ZIP, wanda Phil Katz ya ƙirƙiro a 1989, ko RAR, wanda Eugene Roshal ya fitar a 1993. Dabarar ta kare tsari, sai dai tana da nata cikas. Mai saukewa ba ya iya zaɓen abin da yake so ya bar sauran, kuma bayan ya warware ƙunshin dole ya ajiye kwafi biyu idan yana son ci gaba da rabawa.

3.2 Leƙa Rumbun Takwara

Mataki na biyu ya zo ne daga manhajojin da suka ba mutum damar ganin jerin kayan ɗan'uwansa kamar yadda ya tsara su. Jon Hess ya fito da Direct Connect a 1999, sannan Jacek Sieka ya rubuta DC++ a 2001. A wannan tsari ana fara sauke jerin fayilolin takwara, a ga manyan jakunkuna da ƙanana, sannan a zaɓi folda a sauke ta yadda take. Haka kuma Soulseek, wadda Nir Arbel ya ƙirƙiro a farkon shekarun 2000, ta yi suna wajen masu tara waƙoƙi saboda ana iya ɗauko kundi cikakke a jere.

Duk da haka, tsarin foldar yana hannun mutum guda ne. Idan ya kashe kwamfutarsa, ko ya sauya wa jakunkunansa suna, babu wata shaida da za ta nuna ainihin yadda foldar take tun farko.

3.3 Gudummawar BitTorrent

Bram Cohen ne ya warware wannan matsala da BitTorrent, wadda ya fitar a watan Yuli na 2001. Ya ware bayanin kaya daga kayan kansu, ya zuba shi cikin wani ɗan ƙaramin fayil mai suna torrent. A cikinsa akwai sunan babbar folda, da jerin dukkan fayiloli, da girman kowane, da hanyar da za a bi zuwa mazauninsa. Ana rubuta hanyar ne a matsayin jerin sunaye, ta yadda Windows ko Linux kowace za ta gina jakunkunan da irin nata salon.

Bayan haka, ana ɗaukar fayilolin kamar an jona su sun zama igiya guda, a yanka ta gunduwa-gunduwa daidai wa daida, misali kilobayit 256 kowace. Kowace gunduwa tana da lambar tantancewa ta SHA-1 mai bayit 20. Shi ma bayanin gaba ɗaya yana da tasa lambar, wadda ita ce shaidar kayan a intanet. Ke nan da zarar an sauya sunan fayil ɗaya a cikin jerin, lambar za ta sauya. Da wannan ne folda ta daina dogara ga mutum guda, domin ana iya tattaro gunduwoyinta daga mutane da yawa, kuma ta fito iri ɗaya a hannun kowa. Wannan na cikin dalilan da suka sa ma'adanar Internet Archive ta fara raba kayanta ta BitTorrent a watan Agusta na 2012.

3.4 Sauran Matsaloli da Gyaransu

Jona fayiloli ya haifar da wata sabuwar matsala. Gunduwa ɗaya na iya ɗauke da ƙarshen wani fayil da farkon na gaba, don haka mai son fayil ɗaya tilo sai ya sauke wani yanki na maƙwabcinsa. Har ila yau, tun da fayiloli kawai ake lissafawa, foldar da babu komai a cikinta ba ta samun gurbi. Daga baya, a watan Fabrairu na 2017, masana daga Google da cibiyar CWI ta birnin Amstadam suka nuna cewa fayiloli biyu mabambanta na iya samun lambar SHA-1 iri ɗaya. A wannan shekara aka gabatar da tsari na biyu na BitTorrent, wanda ya koma ga SHA-256, ya ba kowane fayil nasa lissafin, ya kuma rubuta jerin a siffar bishiya mai rassa. Manhajar libtorrent ta fara aiki da shi a 2020.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an ga matakai uku: na fayil guda, da na leƙa rumbun takwara, da na rubuta tsarin folda a matsayin shaida mai zaman kanta. An kuma ga cewa ci gaban ya samu ne lokacin da aka ba sunaye da mazaunin fayiloli kariya irin wadda ake ba abin da ke cikinsu. Babi na gaba zai duba yadda shari'o'in haƙƙin mallaka suka shafi waɗannan manhajoji.