Ƙauyen da Babu Kowa a Cikinsa, Amma Yana da Magajin Gari

A arewa maso gabashin Faransa, cikin lardin Meuse, kusa da birnin Verdun, akwai wani ƙauye mai suna Fleury-devant-Douaumont. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 10, amma a ƙidayar jama'a adadin mazaunansa sifili ne.

Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, mutum 422 ne ke zaune a cikinsa, galibinsu manoma. Mazauninsa ne ya ja masa, domin yana bisa tudun da ke tsare hanyar shiga Verdun. A farkon 1916 aka kwashe mutanensa. Tsakanin Yuni da Agusta na shekarar, sojojin Faransa da na Jamus suka yi ta ƙwace shi daga hannun juna har sau 16, ba a bar ko gida ɗaya a tsaye ba.

Bayan yaƙi, ƙasar ta cika da gawarwaki da bama-baman da ba su fashe ba, sai aka hana sake gini, aka dasa itatuwa. Duk da haka gwamnati ba ta share sunansa daga jerin garuruwa ba. Har yau wakilinta a lardin ke naɗa masa magajin gari, tunda babu masu zaɓe. Ƙauyuka shida ne a Meuse ke cikin wannan hali.